Illo Mai Ƙafa

A Ƙofar Kware in ka ce kana neman Illo sai an tambaye ka wanne, don Illo ba ɗaya ba ne. Amma ka ce Illo Mai Ƙafa, ko mai tallar ƙosai za ta nuna maka rumfar kwanon da ke jingine da wata tsohuwar darbejiya, inda motoci ke zaune a kan duwatsu babu tayoyin gaba. Baƙo yakan ɗauka sana'ar ce ta ba shi sunan, tunda aikinsa ke nan, gyaran ƙafar mota: sifirin, shokazoba, gaɓoɓin da ke riƙe da taya. 'Yan unguwa kuwa sun san sunan ya girmi sana'ar. Ƙafarsa ta hagu ta gaza ta dama da kusan faɗin yatsu huɗu, kuma haka ya tashi da ita tun yana ɗan shekara uku.

Shan-inna ne, in ji mutane. Mahaifiyarsa Tani, wadda duk unguwa ke ce wa Inna Tani mai fura, ba ta taɓa yarda a faɗi kalmar nan a gabanta ba. Ranar da wata maƙwabciya ta kuskura, sai da ta ajiye ludayi ta miƙe tsaye. "Wace Inna tas sha shi? Ni ta innatai, kuma ban sha ɗana ba. Ciwo na Allah yak kawo." Daga ranar aka koyi cewa "ƙafar Illo" kawai, a tsaya nan.

Ita ce ta kai shi wurin Ja'afar baduku yana ɗan shekara tara, ta ce a yi masa takalmin da zai daidaita shi da sauran yara. So take a cike gurbin gaba ɗaya a rana ɗaya. Baduku ya ƙi. Ya ce in aka ɗora masa yatsu huɗu lokaci guda, ƙafa za ta yi murna, amma ƙugu zai yi kuka, domin shi ƙugu ya riga ya saba da karkatarsa. Inna Tani ba mai jin bari ba ce, ta matsa, aka yi mata yadda take so da tsohuwar taya. Kwana biyar Illo ya yi yana taƙama a unguwa, ran na shida ya kasa tashi daga tabarma, ƙugu ya riƙe tamau. Suka koma wurin baduku da kunya, shi kuwa bai ce musu "ai na faɗa" ba. Ya sake takalmin, yatsa ɗaya a wata, yana karkata dunduniyar kaɗan don gaɓar ta zauna daidai. Abin da yaron ya ɗauko daga rumfar baduku ke nan, kuma da shi ya ci abinci shekara arba'in: in za ka ƙara wa ƙafa tsawo, ka fara tambayar ƙugu.

To, mutum ne mai barkwanci, ba ya jira a tsokane shi, shi ke fara tsokanar kansa. In direba ya kawo mota tana ja gefe ɗaya, sai ya zagaye ta yana ɗingishi ya ce, "A'a, ƙanwata ce wagga, gidanmu ɗaya." Ya yi aure, matarsa Nuriyya ta haifa masa 'ya'ya mata uku, duk ya aurar. Ya koyi tuƙi da takalmin nan nasa, yana taka kuloci fiye da masu ƙafa biyu lafiyayyu. Duk wanda ya gan shi sai ya ce ƙafar ba ta hana shi komai ba a duniya. Ƙarya ne, ta hana shi abu ɗaya, kuma abin ya ci shi.

Ranar da mahaifinsa ya rasu, Illo yana da shekara ashirin da shida. Aka idar da salla, aka ɗaga makara, maza suna karɓa-karɓa kamar yadda aka saba, wannan ya sa kafaɗa ya yi taku goma ya ba wancan. Illo ya kutsa ya sa tasa kafaɗar a gaba ta hagu. Taku uku ya yi, makara ta tuntsura gefensa, ta dawo, ta sake tuntsurawa, har sai da gawar ta motsa a ciki. Wani dattijo ya dafa shi a hankali, ya ce, "Bari, Illo, Allah ya ba ka lada," ya zare shi ya shiga wurinsa. Babu wanda ya yi masa dariya, babu wanda ya ƙara tayar da maganar. Da ma an zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya bi bayan ayari yana ɗingishi, yana kallon ƙattin da ba su haɗa komai da tsohon ba suna ɗauke da ubansa. Tun daga ranar bai ƙara kusantar makara ba, in an yi mutuwa a unguwa sai ya riƙe buta ko ya ɗauki fartanya.

Inna Tani ta sani, ko da yake mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma shi bai taɓa gaya mata ba. Uwa ce, ta gani a fuskarsa da ya dawo.

Shekarun baya wani gidan malamai na unguwar ya ba da kyautar a-kori-kura, farar mota mai buɗaɗɗen baya, don ɗaukar gawa, saboda maƙabartar da ake kai mutane yanzu tana bayan gari kuma tafiyar ta fi ƙarfin tsofaffi. Aka sa ta a hannun limamin unguwa, Malam Abdulhamid, aka ba Sirajo direba makulli. Motar lafiyayya ce, amma tana da hali irin na danginta: in babu kaya mai nauyi a baya, sai ta duƙar da gaba ta ɗaga ƙugu. Gawa kuwa me ta auna? Sai ka ga makara tana zamewa gaba, masu rakiya suna tare ta da gwiwa. Ga shi kafin a isa maƙabartar akwai wani kwari da ruwan damina ya ci, duk shigar da motar za ta yi sai ta daki ƙasa da haɓa.

Sirajo mutumin kirki ne, amma in ya ji dabara a tasha sai ya ɗauka wahayi ne. Wani ya ce masa abin ba wuya, a sa zoben ƙarfe a saman sifirin na gaba, mota ta tashi. Bai zo wurin Illo ba, don ya san Illo zai yi masa dogon bayani. Ya kai ta wurin wani mai walda, aka yanko zobba biyu masu kauri, aka cusa, kafin la'asar mota ta miƙe tsaye kamar ango. Unguwa ta yaba. Illo ya gan ta za ta wuce, ya tsayar da ita, ya leƙa bayan taya, ya ga hannun sama, wato ƙarfen da ke riƙe da kan tayar daga bisa, ya rataye ƙasa ya miƙe iyakar miƙewarsa, ƙwallon gaɓar da ke bakinsa, wanda ake ce wa boljoyin, ya karkace a cikin gurbinsa.

"Sirajo, kun ƙara mata takalmi ba ku tambayi ƙugu ba. Wanga boljoyin bai kai damina."

Sirajo ya yi dariya. "Kai dai, Illo, dut abin da ba kai kay yi ba, bai yi ba. Dubi yadda tat tashi!"

Bai kai daminar ba kuwa. Wata Talata aka ɗauko wani tsoho mai sayar da goro, motar ta gangara cikin kwarin, tayar hagu ta rataya, ji kake ɓas! Ƙwallon ya fice daga gurbinsa, taya ta kwanta waje guda, mota ta durƙusa. Makara ta zame ta daki kan bodi, sai da mutum huɗu suka faɗa kanta suka riƙe. Inna lillahi! 'Ya'yan mamacin suna tsaye suna kallo. Aka sauke tsohon aka ƙarasa da shi a kafaɗa, Sirajo ya zauna a bakin kwari ya haɗa kai da gwiwa. Da yamma aka jawo motar zuwa gindin darbejiya, Malam Abdulhamid da kansa ya biyo ta.

"Malam Illo, ga amanar jama'a. A mai da ta yadda take, ko a ɗaga ta yadda ya kamata, kai kas sani."

Illo ya ce ɗagawar ba laifi ba ce, Allah gafarta Malam, motar tana bukata. Amma ba abu ɗaya ake taɓawa ba. A cire zobban nan a zubar. A sa sifirin da shokazoba masu tsawon da ake so, a sa hannun sama irin wanda aka lanƙwasa don motar da aka ɗaga, yadda ƙwallon zai zauna a tsakiyar gurbinsa, a sauya tiyon birki don na yanzu ya yi gajere, sannan a saita tayoyi. Sifirin da shokazoba da tiyo duk an samu a Sabon Gari a ranar. Hannun saman ne babu. Okwudili, mai shagon kayan mota da suka shekara ashirin suna hulɗa da Illo, ya ce sai an aiko daga Legas, kwana bakwai ko goma.

A cikin kwanakin nan ne Inna Tani ta kwanta. Ta haura tamanin, kuma ba wani ciwo ba ne mai suna, jiki ne ya ce ya gaji. Ta daina cin tuwo, sai kunu, daga baya kunun ma sai an lallaɓa. Illo yakan rufe rumfa da la'asar ya zo ya zauna a bakin gadonta da baƙin mai a hannu, tana yi masa faɗa kan kada ya taɓa mata zanen gado. Rana ta biyar ta sa Nuriyya ta fita, ta kama hannun nan mai mai da ta hana a taɓa mata zane da shi.

"An ce motar makara tana hannunka."

"Tana nan, Inna. Kaya nike jira."

"To, ka gama ta. Kai za ka kai ni, Illo. Ba Sirajo ba, ba kowa ba. Ban son a ce maka bari."

Ya buɗe baki zai yi barkwancin da ya saba, ya ce ai sai ta ga jikokin jikoki, sai ya fasa. Shekara ashirin da tara ke nan da abin ya faru, ashe tana riƙe da shi, har kalmar da dattijon ya faɗa, Allah kaɗai ya san inda ta ji ta. Ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon randa, hawaye suna zuba, mutum mai furfura a gemu.

Daga ranar ya zama ɗan gidan Okwudili. Safe ya kira, rana ya kira, yamma ya hau babur ya je da kansa. Sirajo, wanda kunya ta mayar da shi kullum yana rumfar yana miƙa sifana, ya ga halin da ake ciki ya ce, "Illo, mu sa sabon boljoyin a tsohon hannun mana. Ai ta yi wata shida da shi kahin tak karye. Tahiya ɗaya ba ta gagare ta." Illo ya ce masa tsohon mai goro ma tafiya ɗaya ce aka yi da shi.

Ranar Alhamis, an idar da sallar asuba ke nan, Nuriyya ta aiko a kira shi daga masallaci. Kafin ya iso, Inna Tani ta cika.

Kafin hantsi gida ya cika da mata, ƙofar gida ta cika da maza, an shimfiɗa tabarmi, an aika masu haƙa. Malam Abdulhamid ya ce a yi salla ƙarfe goma sha ɗaya, wani Alhaji ya ce zai ba da aron bas ɗinsa a cire kujeru. Illo ya matso ya durƙusa gaban liman, ya gaya masa abin da tsohuwar ta ce, da murya ƙasa-ƙasa. Malam ya dube shi yana jan carbi. Ba a jinkirta gawa, Illo ya sani, kowa ya sani.

"Na ba ka zuwa Azahar. In anka sallame salla mota ba ta iso ba, za mu tahi da ita da abin da Allah ya hore. Kada ka riƙe ni a rai."

Sai ga ɗan mamaciya ya tashi daga tabarmar gaisuwa, ya tuɓe babbar riga, ya nufi gindin darbejiya. Bakin mutane kuwa, ai ka sani. Wasu suka ce ruɗewa ce, wasu suka ce neman duniya ya kai inda ya kai, uwa tana kwance ba a ko yi mata wanka ba, shi yana ƙarƙashin mota. Masu ta'aziyya suna zuwa suna tambayar ina Illo, ana nuna musu ƙafafu biyu da suka leƙo daga ƙarƙashin a-kori-kura, ɗaya da takalmi mai tudu. Ya ji wasu maganganun da kunnensa, bai ɗago ba.

Ƙarfe tara kaya ba su iso ba. Okwudili ya ce motar Legas ta wuce Jega, tana hanya. Ƙarfe goma, shiru. Duk abin da za a iya ɗaurawa ya riga ya ɗaura, saura gurbi biyu kawai da ke jiran hannu. Tsohon hannun yana nan jingine da jikin bishiya, sabon boljoyin yana cikin kwalinsa. Illo ya ɗauko shi ya riƙe. Rabin awa ya ishe shi ya mayar, kuma wataƙila ta je ta dawo lafiya, wa ya sani? Ya tsaya yana juya ƙarfen a hannu, ya tuna ƙarar da aka ce makarar mai goro ta yi da ta daki bodi, ya tuna wata makarar da ta tuntsura a kafaɗarsa. Ya ajiye ƙarfen, ya ture shi da ƙafa can ƙarƙashin benci don kada ya ƙara ganinsa.

Sha ɗaya da kwata sai ga Okwudili da kansa a kan babur, ya rungumo kwali, ya rufe shagonsa ya je tasha ya tsaya har motar ta shigo. Bai iya doguwar gaisuwar mutuwa ba, ya ce, "Sannu, Oga Illo, Allah ya jiƙan Mama," ya naɗe hannun riga ya riƙe masa jak.

Ban taɓa jin an yi aikin ƙafa da sauri irin na ranar ba, kuma ba a tsallake noti ko ɗaya ba. Hannu na dama ya shiga salin-alin. Na hagu ya yi gardama, ƙusa ta ƙi shiga raminta, Sirajo ya ɗauko guduma, Illo ya daka masa tsawa ya ce ba a dukan gaɓa, lallashinta ake yi. Ya sassauta jak kaɗan, ƙusa ta zame ta shige. Ya cika girisi, ya ɗaure, ya sa fin. Aka mayar da tayoyi, aka sauke mota ƙasa, aka jijjiga ta ta zauna. Babu lokacin zuwa wurin masu na'ura, ya ɗaure zare daga tayar baya zuwa ta gaba ya saita da ido da ma'auni, yadda aka koya masa tun kafin na'urar ta zo gari. Ladan ya kira salla yana kwance yana ƙara ɗaure noti na ƙarshe.

Saura abu ɗaya da bai taɓa sallamar mota bai yi ba. Ya ɗauko kwanon shansa na rumfa, wani tsohon kwanon silba mai zane a ciki kusa da baki, ya zuba ruwa daidai zanen, ya ajiye a tsakiyar bayan motar. Su uku suka sunkuya suna kallo. Ruwan ya yi rawa, ya lafa, ya kwanta a kan zanen ta kowane gefe. Illo ya ce alhamdu lillahi, ya ruga ya yi alwala, baƙin man bai ma fita daga farcensa ba ya shiga sahu.

Da aka sallaci gawar aka ɗago makara, Sirajo ya zagayo ya miƙa wa Illo makulli da hannu biyu. Masu gulmar ɗazu suka ga wanda ya shiga mazaunin direba, wasu suka fara ganewa, suka sunkuyar da kai. Illo ya ɗora takalmin nan mai tudu a kan kuloci, ya saki a hankali kamar mai gudun tayar da mai barci. Suka ratsa unguwa, suka bi titi, suka sauka kan turɓaya, jama'a suna biye a ƙasa da kan babura. Da aka iso kwarin Illo ya rage gudu. Ya sa giya ta ɗaya, ya karkata sitiyari ya shiga da taya ɗai-ɗai. Tayar hagu ta sauka, ta rataya, hannun ya bi ta ya dawo da ita. Haɓa ba ta taɓa ƙasa ba. Mutum huɗun da ke zaune a baya sun riga sun kafa gwiwa don tare makara, sai suka ga babu abin tarewa.

Da aka isa aka sa Inna Tani a kabari, aka jera itace, aka nemi ruwan kwaɓa ƙasar da za a liƙe. Jarkar da aka zo da ita ta ƙare kafin a gama, saura ɗan gurbi ta wajen kai. Ana waige-waige, sai Sirajo ya tuna, ya koma mota da gudu. A cikin gaggawar ɗazu babu wanda ya sauke kwanon, an tura shi lungu ne kawai kusa da kan makara, ya yi tafiyar nan duka tare da ita. Ya ɗauko shi da hannu biyu, ya kawo gaban Malam Abdulhamid. Malam ya leƙa, ya ga ruwan yana nan a kan zanensa. Bai karɓa ba, ya juya yana neman Illo a bayan jama'a, can inda ya saba tsayawa da fartanya.

"Ku ba shi hanya. Matso, Illo. Kai kak kawo ta, kai za ka rufe."

Illo ya ɗingiso ta tsakiyar mutane, ya durƙusa a kan ƙafarsa mai lafiya, ya karɓi kwanon. Ya zuba ruwan a hankali, ya kwaɓa ƙasar da hannunsa, ya liƙe gurbin da ya rage ta wajen kan Inna.